Amsa ga ƙanwata ta Tawa: buton da ya ƙi aiki da lissafin albasar da ya kai miliyan 450

Amin wa alaikis salam ƙanwata. Saƙonki ya iso ni tun shekaranjiya, aiki ne ya riƙe ni nan Yamai sai yau da dare na samu zama, kuma na zaɓi in amsa miki da tsawo don abin da kinka tambaya ba ƙaramin abu ba ne, na ga ɗalibai da dama masu kai sun iso daidai nan sun tsaya sun ce su rubutun kod ba nasu ba ne, alhali abu guda ne tal ba a warware musu ba.

Ga yadda na fahimci zancen. Kina shekarar farko a jami'a can Tawa, kun yi algo kun taɓa C, sai kinka ce bari ki yi wa baba ɗan shafi da HTML da JavaScript don lissafin albasar da shike ɗaukowa daga Galmi. Akwatin rubutu uku, na yawan buhu, na kuɗin buhu guda, na kuɗin mota, sai buto guda da anka rubuta Lissafa a kai. Da farko shafin na buɗewa sai sifili ya fito da kanshi, in kin danna buto kuma kamar an shuka dusa. Wata abokiyar karatu ta taɓa miki wani wuri buto ya fara amsawa amma ko mi kinka rubuta sifili dai shike bayarwa. Da kinka yi ta juya layukan har ya fara lissafi, buhu 3 a kan 15000 da mota 2000 sai ya ce 450002000. To duka ukun nan ƴan gida ɗaya ne.

A C da kinka saba, kod ɗinki shi ne mai iko. Shina farawa daga sama, in ya iso scanf shi tsaya cak har mutum shi rubuta abin da anka tambaye shi, sannan shi ci gaba, shi kai ƙasa shi ƙare, shike nan. Ke ce kike jan mutum, yanzu ba ni kaza, yanzu ba ni kaza. A shafi mai buto da akwati abin ya juye, mutum ne mai iko, shi ka zaɓar inda zai taɓa da lokacin da zai taɓa, yana iya fara cika kuɗin mota kafin buhu, yana iya aje wayar shi tafi masallaci shi dawo, yana iya danna buto bai rubuta komi ba. Ki ɗauki mai butik na bakin titinku. Da safe shina buɗe ƙofa, shi share, shi jera kaya, wannan sau ɗaya ne a yini. Daga nan sai zama. Bai san wa zai fara zuwa ba, mai sukari ko mai sabulu, kuma ba shi auna sukari tun da asuba shi ƙulle a leda don wanda bai ma zo ya faɗi na nawa shike so ba. Abin da ya sani kawai, in an zo an ce kaza ga abin da zan yi. Layukan da kinka rubuta a fili cikin fayil ɗinki, waɗanda ba su cikin wata fonksiyo, wato gungun layukan da ba su gudana sai an kira su, su ne jera kayan safe, suna gudana sau ɗaya cikin ƙiftawar ido lokacin da shafi ya buɗe, tun baba bai kai yatsa ga gilashin waya ba. Sauran aikin duka jira ne.

Kalmomi biyu ne za ki riƙe. Abin da malamai ke ce ma evenema ni aukuwa nike ce mishi, labari ne cewa wani abu ya faru yanzun nan, an danna, an rubuta harafi, an bar akwati, shafi ya gama buɗewa. Abin da suke ce ma propriyete kuma siffa ce, halin da abu shike ciki a wannan lokaci, mi ke rubuce cikin akwati, buto a buɗe shike ko a kulle, rubutun ja ne ko baƙi, ana ganinshi ko a ɓoye shike. Siffa karanta ta ake ko a canza ta, aukuwa kuwa sauraronta ake. Kusan duk abin da za ki rubuta a wanga fanni jimla guda ce ake maimaitawa: in kaza ta auku, karanta siffar wancan, yi lissafi, canza siffar wannan.

Matsalar farko, na tabbata ga abin da ke cikin kod ɗinki:

```
buto.addEventListener("click", lissafa());
```

Baka biyun nan da ke bayan lissafa su ne ɗan hakin da ya tsone miki ido. A JavaScript sunan fonksiyo tsurarshi shi ne fonksiyon kanta, in kin liƙa mishi baka biyu kuma kin ce yi aikin yanzu-yanzu ka ba ni sakamako. Bambancin ba wa mutum lambar wayar mai mota ki ce in kaya sun haɗu ka kira shi, da ke ki kira mai motar nan take tun ba a ɗinke buhu ko guda ba. Abin da ya faru, nabigater, wato Chrome ko Firefox da ke buɗe shafin, ya iso wanga layi da safe, ya ga baka, ya kira lissafa, akwatuna duk wayam shi ya sa sifili ya fito, sannan ya ɗauki abin da lissafa ta maido, wato undefined tunda ba ta maido komi, ya miƙa ma buto a matsayin wanda za a kira. Buto ya karɓi babu. Kuma abin da ke sa wanga kuskure wuyar ganewa shi ne ba a nuna miki jan rubutu ko guda, shiru kawai. Cire bakan ne maganin, abin da abokiyarki ta yi miki kenan. In wata rana kina son ki miƙa ma fonksiyon wani abu, sai ki naɗe ta cikin wata ƙarama, `() => lissafa(3)`, ita ƙaramar ce buto zai riƙe har a danna.

Na biyun shi ne wanda nike son ki zauna kanshi sosai don shi ne zuciyar maganar. Kin rubuta abu mai kama da `const buhu = document.getElementById("buhu").value` can sama, wajen fonksiyo, kina tsammanin buhu zai riƙa bin abin da ake rubutawa cikin akwati. Ba haka ba ne. Wanga layi ya leƙa akwati sau ɗaya da safe, ya tarar babu komi, ya kwafi babu komi ya aje, kuma ba zai sake leƙawa ba har abada sai in kin ce shi leƙa. Kamar ki ɗauki hoton ma'auni tun ba a ɗora buhu ba, da rana kuma ki riƙa duba hoton kina neman nauyi. Akwatin shi kanshi kina iya kama shi tun sama ki aje, don shi ba shi canzawa, akwatin nan dai ne daga safe har dare. Amma abin da ke cikinshi, value ɗin, sai a cikin fonksiyon da ake kira lokacin danna buto za ki karanta shi. Duk lokacin da kinka ga sakamako ya maƙale a kan tsohon abu, tambayar farko da za ki yi ma kanki ita ce yaushe ne wanga layi ya gudana, da safe ko lokacin da mutum ya danna. Wallahi rabin matsalolin masu farawa wagga tambaya kaɗai ke kashe su.

Sai miliyan 450. Siffar value kullum rubutu take bayarwa ba lamba ba, ko da kin sa type="number" a kan akwatin. Baba ya rubuta 2000, ke kina ganin kuɗi, na'ura tana ganin haruffa huɗu a jere. To alamar sau ba ta da wani aiki in ba da lamba ba, don haka JavaScript da kanshi ya juya "3" da "15000" sunka zama lamba ya samu 45000, daidai. Amma alamar tarawa aiki biyu gare ta, tana tara lamba kuma tana liƙa rubutu, kuma in ɗaya daga cikin biyun rubutu ne liƙawa take zaɓa. Sai ya ɗauki 45000 ya manna mishi 2000 a gindi, ga 450002000. A C da kompilater, mai fassara ma na'ura kod, ya yi miki magana tun ba ki je ko'ina ba, shi JavaScript ba shi tankawa, yi kawai shike.

Amsar da kowa zai ba ki ita ce ki sa Number ko parseInt, kuma gaskiya ne, amma mu nan ƙasar akwai ƙarin abin da darussan da anka rubuta don Amurka ba su damu da shi ba. Mu da Faransanci munka koyi rubuta lamba. Wani zai rubuta 15 000 da fili a tsakiya, wani 15.000 da ɗigo, wani ma shi ƙara F a ƙarshe. Number("15 000") NaN zai ba ki, wato wannan ba lamba ba ce, wanga da sauƙi don ana gani. Mai haɗarin shi ne parseInt("15 000") da ke karantawa har inda ya gane shi tsaya shi ba ki 15 ba tare da ya ce uffan ba, haka ma Number("15.000") 15 ne don shi ɗigo a wurinshi na ɓangaren lamba ne, kuma parseFloat("12,5") 12 zai ba ki ya zubar da rabin. Buhun jikka goma sha biyar ya koma dala uku kuma shafi ya nuna shi da cikakken ƙarfin hali. Akwati wayam ma Number("") sifili shike bayarwa, kenan in baba ya manta kuɗin mota lissafi zai fito sumul kamar mota kyauta ce. Ni ra'ayina in ana maganar kuɗin mutane gara shafi shi ƙi yin lissafi shi ce a duba, da shi yi ƙiyasi. Ga yadda zan rubuta shi:

```
const akwatinBuhu = document.getElementById("buhu");
const akwatinKudi = document.getElementById("kudi");
const akwatinMota = document.getElementById("mota");
const sakamako = document.getElementById("sakamako");
const buto = document.getElementById("buto");

function karantaLamba(akwati) {
  const rubutu = akwati.value.replace(/[\s.]/g, "");
  return rubutu === "" ? NaN : Number(rubutu);
}

function lissafa() {
  const jimla = karantaLamba(akwatinBuhu) * karantaLamba(akwatinKudi)
              + karantaLamba(akwatinMota);
  if (Number.isNaN(jimla)) {
    sakamako.textContent = "A duba, akwai akwatin da ba a cika daidai ba";
    return;
  }
  sakamako.textContent = jimla.toLocaleString("fr-FR") + " sefa";
}

buto.addEventListener("click", lissafa);
```

Na share fili da ɗigo don a sefa ba mu aiki da santim, ɗigo a kuɗinmu na raba dubbai ne. In wata rana kinka yi shafin awon kilo ko lita to ki sake tunani, nan dole ki juya waƙafi shi zama ɗigo. Ki lura kuma layuka biyar na sama akwatuna kawai sunka kama, babu value ko guda sai cikin fonksiyo. Da wanga za ki samu 47 000 sefa.

Wani abu da ba na kod ba amma ya fi kod muhimmanci ga baba: su a kasuwa da dala da jikka suke ƙirga, dala sefa 5, jikka sefa 1000. In ya ce dubu uku a bakinshi yana iya nufin dala dubu uku wato 15000. Ki zauna da shi ki tambaye shi da wane ƙirge shike son rubutawa, ki rubuta shi ɓaro-ɓaro a saman akwatin. Babu addEventListener da zai gyara miki wanga.

Akwai ramuka biyu da ke gabanki kaɗan, bari in nuna miki su da sauri. In kinka sa akwatunan cikin form, buto da ke ciki da kanshi shike zama na turawa, sai ki ga sakamako ya yi walƙiya ya ɓace akwatuna sun koma wayam, shafin ne ya sake buɗewa. Ko ki sa ma buton type="button", ko kuma, wanda na fi so, ki saurari submit a kan form ɗin ki kira preventDefault a kan aukuwar, don ta haka ko da mutum ya buga Entrée a kilabiye aikin zai yi. Na biyu in kinka ga jan rubutu na cewa Cannot read properties of null, ma'anarshi kin nemi abu da id an ce babu, ko kin kuskure harafi a sunan, babba da ƙarami ba ɗaya ba ne, ko kuma script ɗinki na can cikin head ya gudana tun ba a gina buton ba. Ki maida shi ƙarshen body, ko kuma in a fayil daban shike ki sa mishi defer. Kin ga nan ma maganar yaushe ce.

Game da siffa akwai wani ruɗani da ya kamata ki sani tun yanzu. Abin da kinka rubuta cikin HTML, kamar value="10", shi ne abin da akwati ya tashi da shi, sunan yanka ne. Siffar value ta JavaScript kuma ita ce abin da ke ciki yanzu. Shi ya sa getAttribute("value") zai ci gaba da ce miki 10 ko da baba ya goge ya rubuta 40. Ɗan akwatin da ake sa ma alama, a ce na "an biya kuɗin mota", kar ki tambaye shi value, zai ce miki "on" ko an sa alama ko ba a sa ba, checked za ki tambaya ita ce mai cewa true ko false. Haka disabled, in kinka rubuta setAttribute("disabled", "false") buto zai kulle ne, don HTML kasancewar kalmar kawai shike dubawa ba abin da anka sa mata ba. `buto.disabled = false` shi ne daidai. Dokar da nike bi, abin da ke canzawa yayin da mutum ke aiki da shafi ta siffa nike taɓa shi, da ɗigo, ba ta setAttribute ba.

Disabled ɗin nan ina da tarihi da ita da har yau in na tuna raina ba shi daɗi. Shekarun baya na yi ma wani shago nan Yamai ɗan tsarin rubuta ciniki, buto na tura ciniki ga sarber, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan can nesa, a kwamfutata komi na tafiya kamar ruwa. A shagon kuwa rezo na jan ƙafa, yaron da ke kan kes in ya danna bai ga komi ya motsa ba sai shi sake dannawa, abin da kowa zai yi kenan, kuma kowace dannawa aukuwa ce mai zaman kanta, ciniki guda shi shiga sau biyu. Ƙarshen wata kuɗin aljihun tebur sunka gaza abin da na'ura ta ce, zargi ya hau kan yaron nan, ya kwana biyu ana mishi kallon ɓarawo kafin in gano abin daga wurina shike. Na je na yi bayani gaban mai shagon na ba yaron haƙuri, amma kwana biyun nan ba su gogewa. Gyaran layi biyu ne, da an danna a kulle buto a canza rubutunshi shi koma "Ana turawa", in amsa ta dawo, ko ta nasara ko ta kuskure, a buɗe shi, sannan shi ma sarber a koya mishi gane ciniki da ya zo sau biyu. Naki shafin yanzu ba shi tura komi ko'ina, amma ran da kinka fara ajiyar lissafi ki tuna da yaron nan.

Kar kuma ki gwada dawo da ɗabi'ar scanf ta bayan gida, wato ki rubuta while da ke juyawa tana jiran akwati shi cika. Shafin zai daskare gaba ɗaya. Dalili, JavaScript na shafi ma'aikaci guda gare shi, aukuwa na shiga layi kamar layin famfo, shina ɗaukar guda shi gama da ita sannan shi ɗauki ta gaba, kuma sai ya samu sarari tsakani ne ake sake zana fuskar shafi. In fonksiyonki ta riƙe shi tana juyawa, harafin da take jira na nan cikin layi a bayanta ba zai taɓa isowa ba. Android ma haka take, in manhaja ta yi sakan 5 ba ta amsa taɓawar mutum ba sai waya ta fito da saƙon cewa ba ta amsawa, a jira ko a rufe. Fonksiyon aukuwa ta yi aikinta ta fita da wuri, jiran ba naki ba ne, na nabigater ne.

Na san mataki na gaba da za ki so shi ne jeri, kowace mota da layinta da ɗan buton gogewa a gefe. Nan ma akwai wurin zamewa. In kina ƙara layi da innerHTML += to duk abin da ke cikin jerin rushe shi ake a sake gina sabo, butocin da kinka liƙa ma saurare sun tafi, waɗanda kike gani masu kama da su ne amma kurame. Ki yi amfani da createElement da append, sannan ki san wani hali na aukuwa mai amfani ƙwarai: ba ta tsayawa inda ta faru, hawa take. An danna buto, labari shi je ga layin da buton ke ciki, daga nan ga jerin, ga body, har document, kamar yadda magana ke tashi daga gida ta je ga mai unguwa ta wuce ga hakimi. Saboda haka ba sai kin sa mai gadi a ƙofar kowane ɗaki ba, guda a zaure ya isa. Ki sa addEventListener guda a kan jerin, fonksiyonki za ta karɓi aukuwar a hannu, ki duba target ɗinta ki ga wa anka taɓa, ki yi closest("li") ki samu layin, ki cire shi. Layin da za a ƙara gobe ma ya shiga ciki ba tare da kin sake rubuta komi ba. Rubutun da mutum ya shigar kuma da textContent za ki nuna shi ba innerHTML ba, don kar abin da ya rubuta shi zama kod a shafinki.

Kar ki ga kamar wahalar JavaScript ce kawai kike sha, abin da kike koyo ya girmi JavaScript kuma zai bi ki duk inda kinka je. Visual Basic ya fito 1991, ka ja buto ka aje, ka danna shi sau biyu a buɗe maka wurin rubuta abin da zai faru in an danna, kuma VBA da ke cikin Excel na ofisoshinmu har yau haka shike. Brendan Eich ya yi JavaScript a Netscape 1995, addEventListener ya shigo ƙa'ida a 2000, amma Internet Explorer bai karɓe shi ba sai na 9 a 2011, shi ya sa in kinka ci karo da tsohon darasi mai attachEvent ki wuce shi, zamaninshi ya shuɗe. A Python da Tkinter za ki rubuta command=lissafa, kuma in kinka sa baka biyu cutar nan taki ta farko ce za ta dawo sak, akwati kuma get() ake ce mishi a cikin fonksiyo, mainloop() da ke ƙarshe shi ne zaman mai butik. WinDev da wasu kamfanoni ke aiki da shi nan haka, App Inventor na MIT da ake jan tubala haka, tubali na cewa in an danna Buto kaza, a ciki wani na cewa maida rubutun kaza shi zama kaza. Sunaye ne ke sauyawa. Shi ya sa ba ni goyon bayan ki yi tsalle zuwa React, kayan aikin nan na gina shafi da JavaScript, yanzu ko da abokai na ta zancenshi, ki yi wata biyu ko uku da hannunki tsura tukuna, in kin je can za ki gane mi shike ɓoye miki.

Tunda a waya baba zai yi aiki da shi, a waya za ki gwada, ba a odinater kaɗai ba. Yatsa ba shi shawagi bisa abu kamar suri, don haka kar ki ɓoye wani abu mai muhimmanci bayan mouseover. click shina aiki da yatsa lafiya lau. Ki sa inputmode="numeric" a akwatunan don kilabiyen lambobi shi fito mishi kai tsaye. In kina son jimla ta riƙa canzawa yana cikin rubutu ba sai ya danna buto ba, input za ki saurara a kan akwatunan uku ki ba su lissafa ɗin nan dai, ita ke tashi ga kowane harafi, change kuwa sai ya bar akwatin. Kar ki dogara da keydown a waya, kilabiyen Android sau da yawa ba shi faɗin wane harafi anka taɓa. A odinater ma in kinka zo kama maɓallai ki tuna namu AZERTY ne, ki duba key ba code ba, don in kin buga A code zai ce miki KeyQ, wurin maɓallin shike faɗi bisa tsarin kilabiyen Amurka.

Duk wanga ba shi buƙatar intanet, fayil guda da Chrome ko Firefox sun isa, ko forfe ya ƙare kina iya aiki. Abin da nike so ki yi gobe kafin ki kwafi kod ɗina, ki koma ga naki mai kuskuren, ki buga F12 ki buɗe konsol, ki sa console.log("safe") a saman fayil, ki sa console.log("an danna") a layin farko na lissafa, ki sake buɗe shafin ki zuba ido ki ga wanne ke fitowa kuma yaushe. Ki maida baka biyun da gangan ki ga "an danna" ya fito ba wanda ya danna. Ki rubuta typeof document.getElementById("buhu").value a konsol ki ga ya ce string da idonki. Sannan ki danna dama a kan akwati ki zaɓi Inspecter, ki koma konsol ki rubuta console.dir($0), zai zazzage miki siffofin akwatin nan duka, sun fi ɗari, ki nemo value da disabled a ciki, ki canza su daga nan ki ga shafi ya motsa. A Chrome in kinka rubuta monitorEvents($0) kuma kinka taɓa akwatin za ki ga aukuwa na zubowa ɗaya bayan ɗaya.

In kin gama ki miƙa ma baba wayar ki koma gefe ki yi shiru, kar ki nuna mishi inda zai taɓa, ki rubuta duk wurin da ya tsaya ko ya danna sau biyu ko ya rubuta kuɗi ta hanyar da ba ki zata ba. Ki turo mini wannan tare da fayil ɗin, da HTML ɗin duka ba JavaScript kaɗai ba don in ga id ɗin da kinka sa, sai mu ɗora jerin motocin a kai. A gaida baba da mutanen gida.